Tarihin Filayen Kiwo a Ƙasar Kankiya da Kusada da Ƙoƙarin Farfaɗo da Su

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a watan Agusta, da zarar ya wuce mararrabar Yashe ya doshi Kankiya, zai ga ƙasa ta yi kore shar, har ya ce lallai dabbobin wannan yanki sun more. Amma in ya sauka ya duba ɗan abin da ya rage na burtali da hurumi, abin da zai tarar shi ne tafasa da garmani da ƙashin yawo da tumfafiya, wato tsirran da saniya ke sunsunawa ta wuce.

Ni haifaffen wani ƙauye ne a ƙasar Kankiya. Na yi kiwon awaki da tumaki ina yaro, na kuma yi shekaru ina koyarwa a makarantun firamare na Kankiya da Kusada har na ajiye aiki. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda filayen kiwonmu suke a da, da abin da ya lalata su, da irin yunƙurin da aka yi na gyara su ta hanyar zuba taki da yaƙi da ciyawar banza. Da yake kalmar "makiyaya" tana nufin masu kiwo, tana kuma nufin wurin kiwon, zan riƙa cewa "filin kiwo" domin kada a samu ruɗani.

2.0 Yadda ƙasar take a da

Kankiya da Kusada gundumomi ne na Masarautar Katsina. Hakimin Kankiya shi ne Kankiyan Katsina, na Kusada kuma Bebejin Katsina. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, Kankiya tana cikin ƙananan hukumomi bakwai da jihar ta fara da su, daga baya Kusada ta samu tata. Yawancin ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba.

A zamanin iyayenmu dabba tana da wuri huɗu na cin abinci. Akwai daji, inda shanu ke shekara da damina nesa da shuka. Akwai saura, wato gonar da aka bari ta huta. Akwai fadama, wadda ke riƙe ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Sannan akwai gona kanta bayan an kwashe amfani, inda ake cin kara da harawa da 'ya'yan gawo. Burtali shi ke haɗa waɗannan wurare da mashaya, kuma kowane yaro ya san ba a noma shi. Wanda ya ci iyakarsa, mai unguwa da dagaci sukan sa ya mayar.

Ciyawar da ke daji a wancan lokaci ta sha bamban da ta yau. Gamba takan fi mahayin jaki tsawo, da ita ake saƙa zana da asabari. A ƙarƙashinta akwai harƙiya da kyasuwa da burburwa da guɗe-guɗe, ga kuma gadagi da ake yanko wa dawaki. Da kaka, Bafulatani yakan sauka a gonar manomi da garkensa, shanu su ci kara su zuba kashi, manomi ya ba shi dami na gero ko dawa, mata kuma su yi musayar nono da hatsi.

Akwai wani abu a cikin wannan tsari da ban lura da shi ba sai da na girma. Saniya takan ci a daji da rana, ta kwana a gona ta zuba taki a can. Ma'ana, shekara da shekaru ana kwasar ƙarfin daji ana kai wa gona, ba a taɓa mayar wa dajin komai ba. Abin bai yi illa ba a lokacin, domin dajin yana da faɗi, dabbobi ba su kai yawan na yau ba, kuma da garke ya tashi daga wuri, wurin yakan samu watanni yana hutawa.

3.0 Abin da ya lalata filayen

Lalacewar ba rana ɗaya ta faru ba. Bayan jirgin ƙasa ya fara jigilar kaya daga Kano a 1912, gyaɗa ta zama kuɗi, manoma suka shiga sheme daji. A ƙarshen shekarun 1920 Turawa suka shigo da noma da garmar shanu, wanda ya ba mutum ɗaya damar noma abin da da sai gayya. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Kankiya tana da mutane kimanin 151,000, Kusada kuma kimanin 99,000. Da haka saura ta ɓace, aka koma noma gona ɗaya kowace shekara, fadamu suka zama lambuna, burtalin da garke biyu ke giftawa a cikinsa ya koma 'yar hanyar da amalanke ke bi da ƙyar.

Ta ɓangaren dabbobi kuwa, allurar rigakafi ta rage mace-mace, musamman gangamin yaƙi da bushiya da aka fara a 1962. Wannan alheri ne, sai dai bakunan da ke cin ciyawa sun ƙaru a daidai lokacin da filin ke raguwa. Sai ga farin 1972 zuwa 1974, sannan na 1983 da 1984, wanda ya haɗu da dawowar bushiya a 1983. A cikin shekarun 1970 ne kuma aka soke jangali. Makiyaya sun huta da shi, amma tare da shi ƙidayar shanu ta shekara-shekara da hakimai ke yi ta tafi.

Takin zamani shi ma ya taka rawa ta hanyar da ba a zata ba. Daga shirin ciyar da ƙasa na 1976, buhun taki ya yi araha saboda rangwamen gwamnati. Manomin da ke roƙon Bafulatani ya kwana a gonarsa ya rage bukatarsa, kara da harawa kuma suka zama haja, ana ɗaurewa a kan itace ko a kai kasuwa. Garken da ke hutar da daji da rani saboda yana cikin gonaki, sai ya koma kan ɗan filin da ya rage, rani da damina.

Ya kamata malamai su fahimci yadda ciyawa ke mutuwa, domin su iya bayyana wa ɗalibai. Gamba ba ta mutuwa da rani, tana ajiye abincinta a saiwa, da shi take tofowa da ruwan farko. In aka bar ganyen ya girma, sai ta mayar da abin da ta ciro. In kuwa dabba ta cinye tohon, ya sake fitowa ta sake cinyewa, ajiyar saiwar takan ƙare, gindin ya mutu. Daga nan sai ciyayi masu shekara ɗaya, irin su kyasuwa da ƙarangiya, su maye gurbinta. Su ma in ana cinye su kafin su zubar da iri, sai su ragu, a bar abin da dabba ba ta so, shi ke yin fure ya zuba 'ya'ya ba mai taɓa shi. Mataki na ƙarshe shi ne faƙo, inda kofato da ɗigon ruwan sama suka daddale ƙasa, ruwa ya riƙa gudu a kanta yana haƙa zaizaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tafasa da garmani ba su kori gamba ba, sun tarar da gidan ne babu kowa.

4.0 Yunƙurin hukuma da na masu bincike

A nan ƙasar Kankiya muna da gonar gwaji ta Kafin Soli, wadda aka gwada iri da taki a cikinta a zamanin Turawa. Gwaje-gwajen irin waɗannan gonaki na Arewa sun nuna cewa ƙasarmu tana da ƙarancin sinadarin fosfaras, shi ya sa tun farkon shekarun 1950 aka fara tallata takin sufa ga manoman gyaɗa. Amma hankalin malaman gona yana kan amfanin gona ne. Binciken ciyawar dabbobi a Shika ta ƙasar Zariya aka fi yin sa, inda aka kafa gonar dabbobi a 1928, wadda a 1976 ta zama cibiyar binciken kiwo ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Wani abin mamaki shi ne, irin gambar da aka ɗauka daga Shika aka kai ƙasar Kolombiya ya karɓu ƙwarai, har a 1980 aka fitar da shi ga masu kiwo a can da kuma Burazil. A arewacin Ostareliya kuwa, inda aka kai ta domin shanu, gamba ta yi yawa har hukuma ta sa ta cikin ciyayi masu ɓarna saboda gobarar daji da take hurawa, kuma sunanta na Hausa suke kiranta da shi. Ciyawar da wasu ke kashe kuɗi su rage ta, mu a nan sai a kan iyakar gona ake ganinta.

Babban gwajin da aka yi a Lardin Katsina shi ne na dajin Ruma da Kukar Jangarai, wanda aka fi sani da Runka, a ƙasar Safana da Batsari, yamma da mu. A shekarun 1960, da taimakon ƙwararru daga Amurka, aka mayar da wannan gandun daji wurin kiwo na gwaji. An gina madatsun ruwa, an share hanyoyin tare gobara, an kasa dajin kashi-kashi da nufin a riƙa kiwo a wani sashe ana hutar da wani. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe filayen kiwo. Tsarin yana da kyau a takarda, amma ruwan da aka samar ya jawo garkuna daga ko'ina, ba a kuma iya ƙayyade yawansu ba. Saboda haka hutun da aka tsara bai tabbata ba, kewayen madatsun ya zama faƙo.

A ƙasar Mali, wasu masana daga Holan tare da 'yan ƙasar sun yi bincike mai zurfi da aka wallafa a 1982. Sun gano cewa a sassan Sahel da ke samun matsakaicin ruwa, rashin naitirojin da fosfaras ya fi rashin ruwa tauye ciyawa. Ƙasarmu ta fi waɗancan wurare samun ruwa, saboda haka maganar ta fi shafar mu. Sai dai lissafi ya nuna cewa watsa yuriya a buɗaɗɗen daji ba ya mayar da kuɗinsa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zuba sufa, a shuka ciyawa dangin wake, domin ita da kanta take tara naitirojin a ƙulullutan saiwarta.

A kan wannan tunani ne cibiyar binciken dabbobi ta Afirka, ILCA, wadda a lokacin take da ofishi a Kaduna, ta ɓullo da rumbun ciyawa a farkon shekarun 1980, a wajajen Kachiya. Makiyayi yakan killace kamar hekta 4, ya kwantar da shanunsa a ciki su tattake ƙasa su zuba kashi, ya jiƙa irin wata ciyawa da ake kira sitailo a ruwan zafi ya watsa tare da sufa. Da farkon damina sai a saki shanu na ɗan lokaci su cinye ciyayin da ke neman danne ta, wato shanun ne ke yin noman. Daga nan a rufe sai rani, a riƙa shigar da masu ciki da masu shayarwa awa biyu ko uku a rana. Inda aka kula, shanu sun amfana. Inda abin ya watse kuwa, dalilan su ne tsadar waya, da gobara, da kuma rashin tabbacin cewa filin zai ci gaba da zama na wanda ya yi wahalarsa.

5.0 Gwajin da muka yi a makaranta

A daminar da ta biyo bayan farin 1984 ina shugaban wata makarantar firamare a ƙauye. Bayan makarantar akwai hurumi da ya zama rabi faƙo rabi tafasa. Wani malamin gona ya taimaka mana da kamfa da sufa, muka fita da 'yan aji shida muka watsa, muna murna za mu nuna wa gari aikin ilimi. Da Agusta ta yi, tafasa ta kai ƙirjin yaro, ganyenta har sheƙi yake. 'Yar harƙiyar da ta leƙo kuwa, awakin gari sun gama da ita tun tana kwana uku. Wani dattijon Bafulatani da ke wucewa da shanunsa ya tsaya ya duba, ya ce da ni, "Malam, ka yi wa ɓarawo tuwo, mai gida yana kwana da yunwa." Yara suka yi dariya, ni kuwa na ji kunya, domin gaskiya ya faɗa. Taki ba ya zaɓe, wanda ya tarar a tsaye shi yake ciyarwa.

Shekara ta biyu muka nemi shawararsa. Ya ce mu fara da shinge. Muka nemi izinin dagaci muka yanki kamar kadada ɗaya, muka dasa aguwa muka jera ƙaya. Muka sassare faƙon da fartanya domin ruwa ya shiga, shi kuma ya kwantar da shanunsa a wurin 'yan kwanaki kafin ruwa ya sauka. Yara suka tsinko gindin gamba daga iyakokin gonakin iyayensu muka dasa layi-layi, muka watsa irin kyasuwa da gadagi da muka tara da kaka. Tafasa da garmani kuwa muka tuge su sau biyu, tun ƙasa na da laushi kuma kafin su yi fure. Sai bayan wannan duka muka zuba sufa kaɗan. Ba mu bar dabba ta shiga ba sai da ciyawa ta zubar da iri. A daminar da ta biyo baya gamba ta rufe mutum, muka yanka muka ɗaure, muka sayar wa masu turkar raguna, kuɗin ya saya mana alli da rajista.

Ƙarshen labarin ba shi da daɗi. An yi mini canjin wurin aiki, dattijon nan ya yi ƙaura zuwa kudu, ba a kuma ɗora wa kowa alhakin wurin ba. Da na koma ziyara bayan 'yan shekaru, shingen ya tafi murhu, rabin filin ya koma tafasa, ɗaya rabin wani ya shuka gero, domin ya ga ƙasar ta yi kyau. Abin da ya faru a Runka mai faɗin gaske, shi ne ya faru a 'yar kadadarmu.

6.0 Wace ce ciyawar banza?

Kafin a ɗauki injin feshi, ya kamata a yi wannan tambaya. Tafasa abinci ce, kwaɗonta ya raya gidaje da yawa a shekarun yunwa, kuma 'yan kasuwa kan sayi 'ya'yanta a fitar waje. Sabara da kalgo da geza suna tare iska, suna tara ƙasa da ganye a gindinsu, a nan ne irin ciyawa ke fakewa. Saboda haka manufa ita ce a rage wa waɗannan tsirrai rinjaye, ba a shafe su ba. Maganin feshi mai kashe faffaɗan ganye yana kashe garmani, amma yana haɗawa da gadagi da sitailo da 'ya'yan gawo masu tasowa, wato abubuwan da ake wahalar dominsu. Kuma irin garmani yana daɗewa a ƙasa, in aka kashe na bana aka bar wurin fili, na baɗi zai fito. Abin da ke hana shi dawowa shi ne inuwar ciyawa mai kyau.

Maƙwabtanmu na Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun sha fama da garmani a filayen kiwo da burtalai. Hanyar da suka bi ita ce aikin gayya: a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a haƙa ramukan rabin wata a kan faƙo domin tare ruwa, a watsa irin ciyawar gida, a hana kiwo na wani lokaci, a kuma naɗa kwamitin gari mai tsaro. Dokarsu ta karkara ta 1993 ta samar da kwamitocin ƙasa da ke shata burtali a kafa masa alamu. A can ne kuma sassabin zamani ya bunƙasa tun tsakiyar shekarun 1980, inda manomi ke barin tohon kututture ya zama itace, har aka ƙiyasta ya shafi hekta miliyan 5. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, harshenmu ɗaya, saboda haka babu abin da suka yi da ya fi ƙarfinmu.

7.0 Kammalawa

Maganar filin kiwo ta wuce maganar ciyawa. Dajin Rugu, wanda ya haɗa da wuraren da aka yi gwajin Runka, ya zama maɓoyar ɓarayin shanu da 'yan bindiga a shekarun 2010, kuma wutar ta taɓa ƙauyukan ƙasar Kankiya. Rashin wurin kiwo ba shi kaɗai ya haifar da wannan fitina ba, amma duk dagacin da ya taɓa zaman sasanta ɓarnar gona ya san inda gaba ke farawa. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 6.25 domin wuraren kiwo a Jihar Katsina, a 2024 kuma ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Fatanmu shi ne masu wannan aiki su waiwayi tarihin da ya gabace su.

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne aikin yana da jeri, kuma in aka sauya jerin an yi asara. Da farko a san iyakar filin da wanda zai amsa tambaya a kansa, da yardar hakimi da dagaci da arɗo da manoma. Na biyu a ba shi hutu, ko da damina biyu ce. Na uku a buɗe faƙo, a tuge abin da ya yi rinjaye, a mayar da irin da ya ɓace. Taki shi ne na ƙarshe, kashin shanu tukuna, sannan sufa gwargwadon hali.

Ina roƙon iyayenmu dattawa da suka san inda tsofaffin burtalai da mashaya suke, daga Rimaye da Gyaza da Kafin Dangi har zuwa Mawashi da Ƙofa, su nuna wa na baya tun suna da rai, a rubuta a ajiye a fadar hakimi. Malamai 'yan'uwana kuma, kusan kowace makarantar ƙauye tana da ɗan fili a bayanta. A sa yara su tara irin kyasuwa da gadagi da kaka, su dasa gamba da damina, su koyi sunan kowace ciyawa da amfaninta. In an yi haka, a tabbata an damƙa wurin a hannun kwamitin iyaye da malamai tun ranar farko, kada a maimaita kuskuren da na yi.